Daga Nangere Zuwa Bodh Gaya: Kwana Ukun Da Aka Kori Mai Jinya Daga Bakin Gado

Idan ka taɓa kwana a kan tabarma a gindin gadon asibiti kana ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara wa wani naka, to da kai nake yau. Ko a Potiskum ka yi zaman, ko Kano, ko Maiduguri, ɗanɗanon ɗaya ne. Duk wanda ya shigo dubiya jikin mara lafiya yake tambaya, kai kuwa a jefa maka "sannu da ƙoƙari" a wuce. Ni nawa zaman a Delhi na yi shi, babban birnin Indiya, kuma a can ne aka kore ni daga bakin gado har kwana uku. Garin da na je a kwanakin nan shi zan kai ka, amma sai ka fara jin abin da ya jawo korar.

Mu 'yan Nangere ne, nan gefen Potiskum, ƙasar Tikau. Yayana, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ƙodarsa ce ta gaza. Mutumin Yobe ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ciwo ba, musamman wanda ya san Gashuwa da kewayenta. Da wankin ƙoda ya yi tsawo, likitoci suka ce sai dashe. Ana yin dashen a gida, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, amma shawarar dangi ta tsaya a kan Indiya, aka sayar da shanu da gona guda. Ƙanwarmu, autar ɗakinmu, ita gwaji ya nuna ta dace, ita ta ba da ƙodarta. Ka riƙe wannan tun yanzu: dokar Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki, kuma akwai kwamitin da sai ya zaunar da mai bayarwa da mai karɓa ya tabbatar da dangantakarsu kafin a shiga ɗakin tiyata. Duk dillalin da ya ce zai samo maka mai bayarwa a can, ka damƙe aljihunka.

Ka ga ke nan marasa lafiya biyu na tashi da su, ni kaɗai mai ƙafa. Ni ne cefane, ni ne girki a ɗan ɗakin da muka kama haya kusa da asibiti, ni ne tafinta da Turancina na malamin makaranta, ni ne mai tashi takwas na safe da takwas na dare in miƙa maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, wanda ba a son a saɓa lokacinsa. Ga kuma agogo: Indiya ta riga Najeriya da awa huɗu da rabi. Lokacin da mutanen gida suka idar da Isha'i suka samu sukunin kira, a wajena dare ya raba. Kuma ba ka isa ka ƙi ɗaukar wayar Inna ba.

Kwana hamsin na yi a haka. Wando ya fara zame mini, ƙeyata ba ta rabuwa da ciwo, abinci in na dafa musu sai in ji ƙamshinsa ya ishe ni. Na daka wa ƙanwarmu tsawa a kan cokali, yarinyar da ke kwance da ɗinki saboda ta ceci ɗan'uwanta. Wata safiya na ɓallo ƙwayoyi na miƙa wa Yaya, har ya buɗe baki, sai ita ta ce, "Yaya Malam, wannan ai nawa ne." Na tsaya da ƙwayoyin a tafin hannu, gwiwata na rawa. Ranar da muka koma ganin likita ita ta tona mini asiri. Likitar ta ajiye takardun Yaya, ta jawo hannuna ta ɗaura abin awon jini, ta duba, ta sake aunawa. Ta tambayi awa nawa nake barci, na faɗa mata. A makon ne babban ɗan Yaya ya iso, don bizar jinya ta Indiya tana ba mutum biyu damar raka mara lafiya. Ta ce in koya masa jadawalin magani, in rubuta a takarda in manna a bango, sannan in ɓace kwana uku.

Na fara musu. Yaya ya dube ni daga kan keken asibiti ya ce, "Malam, ka je. In ka faɗi, wa zai ɗauki mutum uku?"

Yawancin 'yan Najeriya da suka samu sarari a Delhi Agra suke zuwa su ga Taj Mahal. Wani yaro ɗan Potiskum da ke karatun haɗa magunguna a can, wanda ya zame mana ɗan gari, shi ya hana ni. Ya ce Agra tafiyar yini ce, ya san ni, kafin Magariba zan dawo in tsaya a kan mutane. Ya ce in tafi inda ba a dawowa a rana ɗaya, ya saya mini tikitin jirgin ƙasa zuwa Gaya. Na ce wace Gayar, ta Kano? Ya ce a'a, wannan a jihar Bihar take, kusan kilomita 1,000 gabas da Delhi, kuma a gefenta akwai wani ɗan gari, Bodh Gaya, wurin da mabiya addinin Buda na duk duniya suka fi girmamawa. "Akwai inda za su karɓe maka waya a ƙofa," in ji shi. Ina jin wannan ce hujjarsa ta gaskiya.

Jirgin kwana yake yi a hanya. Taragon yana da gadaje hawa uku, ana ba ka bargo da zanen gado, masu shayi suna kai da komo suna kiran hajarsu. Watan Janairu ne, kuma sanyin arewacin Indiya yana zuwa da wani hazo mai danshi, wanda ya sha bamban da busasshen hazonmu na hunturu. Yakan sa jirage su makara da sa'o'i, namu ma ya makara, saboda haka kada ka ɗaura tafiyarka a kan minti. Da gari ya waye na leƙa ta taga. Indiyar da ka sani a fim ka ajiye ta a Delhi. Nan gonaki ne shimfiɗe, tarin karan shinkafa kamar bukkoki, ɓaunaye baƙaƙe a ɗaure a ƙofar gida, mata suna liƙa kashin shanu a jikin bango ya bushe ya zama makamashi. Bihar tana cikin jihohin da suka fi talauci a Indiya. Mutumin karkarar Yobe ba zai ji baƙunta sosai ba, illa su ƙasarsu kore ce shar ko da rani.

Daga tashar Gaya zuwa Bodh Gaya bai kai kilomita 20 ba. A-daidaita-sahu za ka hau, irin namu sak, don ai daga ƙasarsu ake kawo mana su. Ka yi ciniki kafin ka zauna. A masauki za su nemi fasfonka su cike takarda, doka ce a kan kowane baƙo, kada ka ɗauka raini ne.

Garin ƙarami ne, da ƙafa za ka gama shi. Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne kowace ƙasar da ke da mabiya Buda ta zo ta gina nata wurin bauta da irin gininta na gida. Ka wuce na Tailan mai rufi kamar an zuba zinariya, ka sha kwana ka ga na Butan da zanen launi har rufi, gaba kaɗan na Japan, shiru, ba ado. Akwai na Bama, na Sin, na Sri Lanka, na mutanen Tibet. A ƙarshen wani titi akwai mutum-mutumin Buda a zaune mai tsayin ƙafa 80, wanda aka ƙaddamar a 1989. Limamansu kuwa, maza da mata, duk kai a aske, launin mayafi ne ke gaya maka inda mutum ya fito: ruwan goro na Tailan da Sri Lanka, ja mai duhu na Tibet. A tsakaninsu ga almajiran gari, ga guragu a jere, ga yara masu bin ka da takardar neman taimakon makaranta. Kuma za a kalle ka. Baƙar fata ba ta cika zuwa nan ba, wasu har hoto za su roƙa. Ban ga mugunta a kallon ba, amma yana gajiyarwa.

Kafin mu shiga babban wurin, bari in ba ka labarin kamar yadda masu shi suke ba da shi, don in ba ka san shi ba gini kawai za ka gani. Kimanin shekara 2,500 da suka wuce aka haifi wani ɗan sarki mai suna Siddhartha Gautama a Lumbini, cikin Nepal ta yau. Mahaifinsa ya killace shi a fada don kada ya ga wahalar duniya. Da ya girma ya fita gari, sai ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, ya ga wani mai gudun duniya. Abin ya hana shi sukuni. Yana da shekara 29 ya bar fada da mata da ɗa, ya shiga daji neman amsar dalilin wahala. Shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa. Daga baya ya ci abinci, ya zo gindin wata bishiya a nan ya zauna, kuma a nan ne suke cewa ya samu abin da suke kira farkawa. Kalmar Buda ma'anarta wanda ya farka. Ya fara wa'azi a Sarnath, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80. Waɗannan wurare huɗu su ne manyan wuraren ziyararsu, Bodh Gaya ce kan gaba.

Ni da na fito daga ɗakin masu ƙoda, batun tsoho da mara lafiya da gawa bai zame mini tatsuniya ba. Su na kwana hamsin ina gani a baranda.

Babban wurin bautar sunansa Mahabodhi. Ana buɗewa tun biyar na asuba har tara na dare, ba a biyan kuɗin shiga. Amma kafin ka kai gare shi sai ka bi layi, a laluba ka, ka bi ta na'urar bincike, kuma wayarka sai ka ba da ajiya a karɓi lamba. Na tambayi wani mai gadi dalilin wannan tsanani. Ya ce tun 2013 ne, da bama-bamai suka tashi a harabar da sassafe, suka raunata mutane har da limamai. Na tambayi wata, ya ce Yuli, ranar 7. Sai na yi shiru. Ranar 6 ga Yulin 2013 ne aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, nan kusa da Potiskum, aka kashe ɗalibai masu yawa. Kwana ɗaya tsakani. Muna jana'izar yaranmu, su suna share harabarsu, ba wanda ya san da wani. Na miƙa hannu aka laluba ni ba gardama. Mu da muka yi shekaru muna sauka daga mota a shingen sojoji, wa zai koya mana dalilin bincike?

Rabuwa da wayar ita ta fi mini wuya. Na kira ɗan Yaya sau biyu a bakin wurin ajiya, na sake karanta masa jadawalin da ke manne a gabansa. A karo na biyu ya ce, "Baba Malam, na ba shi, ya sha, yana barci." Na kashe, na miƙa. Hannuna ya yi ta komawa aljihu kamar harshe a gurbin haƙori.

Za ka cire takalmi, sannan ka gangara matakala, don ginin a kwari yake. Dalili shi ne ƙasa da yashin kogi sun binne gindinsa a ƙarnukan da addinin Buda ya ja baya a Indiya, sai a shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka, ƙarƙashin Alexander Cunningham, suka tone shi suka gyara. Sarki Ashoka ne ya fara gina wurin bauta a nan a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 5 ko na 6 ne, na jan bulo, hasumiyarsa ta kai mita 50, tana tsukewa tana hawa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Wani abin da zai ba ka mamaki, mabiya Buda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Indiya ba a ƙidayar 2011, kuma dokar 1949 da ta tsara kula da wurin ta raba kujerun kwamitinsa tsakanin mabiya Buda da mabiya Hindu. Har yau akwai masu ƙorafi a kan haka. Rigimar wa zai riƙe makullin wurin ibada dai ba a ƙasarmu aka fara ta ba.

Bishiyar tana bayan ginin, ta yamma. Da na gan ta sai na ji kamar na ga ɗan'uwa a tasha. Dangin durumi ce da cediya da gamji da ɓaure. Ganyenta kusan na durumi ne, mai faɗi kamar zuciya, sai dai nata yana da doguwar wutsiya siririya, kuma ko iska kaɗan ta kaɗa sai ya yi ta rawa. Indiyawa suna kiran ta pipal. Wadda ke tsaye yanzu ba ita ce ta farko ba. An sare, an ƙone, guguwa ta kayar, ana sake dasawa daga jinsinta. Ta yanzu Cunningham ne ya dasa ta wajen 1881. An tallafe manyan rassanta da ƙarafa kamar tsoho da sanduna.

Na samu gefe na zauna, can baya, inda ba zan tare wa kowa hanya ba. Mutane suna zagaya ginin, suna barin shi a hannun damansu. Ƙungiyar mata 'yan Sri Lanka cikin fararen kaya suna karatu da murya ɗaya. Can ƙasa a kan ciyawa mutanen Tibet sun shimfiɗa allunan katako, mutum ya miƙe tsaye, ya zube rub-da-ciki, ya miƙa hannu gaba, ya tashi, ya sake. Akwai masu cika dubu ɗari a haka cikin makonni, har katakon ya yi santsi. Jama'a sun yi dubbai, amma ba mai ɗaga murya, ba ƙarar waya ko ɗaya. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. A zaune, bayana a jikin dutse mai sanyi, na yi barcin da ban yi irinsa ba tun Kano. Da na farka inuwa ta juya, fuskata a jiƙe, kuma ba wanda ya kula ni. Wannan rashin kulawar ma wani alheri ne.

Ba a yarda a tsinki ganyen bishiyar ba, sai wanda ya faɗo da kansa, kuma in ya faɗo har ɗan tsere ake yi. Ɗaya ya sauka a kan cinyata. Wata tsohuwa cikin masu fararen kaya ta dube shi, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. A wurina ganye ne, a wurinta kuwa wataƙila kuɗin jirgin da ta yi shekaru tana tarawa.

Na san tambayar da ke ranka, don ita Inna ta fara yi mini: me ya kai Musulmi gidan gumaka? Ni baƙo na je, ban je ibada ba. Ban rusuna wa komai ba, ban kunna fitila ba, ban ajiye fure ba, kuma ba wanda ya nemi in yi. Cikin ɗakin da babban gunkin yake ban shiga ba, daga ƙofa na hango na juya. Abin da baƙo ya kamata ya kiyaye kaɗan ne: suturar da ta rufe jiki, wadda mu dama ita ce tamu, cire takalmi, yin ƙasa da murya, da kuma kada ka miƙe ƙafa tana fuskantar abin da suke girmamawa ko ka tsaya a gaban mai ibada kana kallonsa kamar wasan kwaikwayo. Ka tuna yadda kake ji in baƙo ya zo kallon hawan Sallah ya tsaya a gaban sahu. In zuciyarka ba ta natsu da shiga ba, ka tambayi malaminka tun kafin ka bar gida, garin yana da abin gani ko daga waje.

Da lokacin La'asar ya yi, kiran sallah na ji, daga nan inda nake zaune. Akwai masallaci a garin, ba nisa da harabar. Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin ɗari na mutanen Bihar. Na je na yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, na bi sahu tsakanin wani tela da wani mai tuƙa a-daidaita. Da aka sallame suka tambayi ƙasata, da Turanci da hannu muka fahimci juna. Da suka ji jinya ce ta kawo ni, limamin ya ɗaga hannu aka yi wa Yaya addu'a. Su suka nuna mini inda zan ci nama na halal, don yawancin gidajen abincin garin ganye da wake suke dafawa.

Washegari na tsallaka kogi. Sunansa Niranjana, gaba kaɗan ya haɗu da wani ya zama Phalgu. Da rani yashi ne zalla mai faɗi, da ɗan ruwa yana bin gefe, kamar kogunanmu in damina ta yi nisa. Akwai gada. A ƙetare akwai ƙauyen Bakraur, inda wani tulin tsohon jan bulo yake tsaye a tsakiyar gonaki, an gina shi don tunawa da wata mace mai suna Sujata. A nan ne labarin ya fi kama ni, kuma saboda shi na ga ya dace da wannan shafi.

Suna cewa bayan shekara shida na yunwa mutumin ya zama ƙashi da fata. Akwai gunkinsa a wani kogon dutse da ke arewa maso gabas da garin, haƙarƙari a waje, ido a rami. Bai samu abin da yake nema ba, jiki kuma ya ƙare. Sai wannan 'yar ƙauye ta zo da ƙwarya, shinkafa ce dafaffiya da madara, ta ba shi. Ya karɓa ya ci. Abokan zuhudunsa biyar suka ce ya karaya, suka watse suka bar shi. Shi kuwa sai da abincin nan ya shiga jikinsa ya samu ƙarfin zama a gindin bishiyar. Daga nan koyarwarsa ta bin tsaka-tsaki ta samo tushe, wato kada a sangarta jiki, kada kuma a azabtar da shi. Addininsu nasu ne. Amma ka lura da abin da suka zaɓa su gina wa abin tunawa: macen da ta kawo wa mai yunwa abin da a wurinmu bai wuce kunu ko fura da nono ba.

Na zauna a gefen tulin bulon ina tuna sau nawa wata mata 'yar Sudan, maƙwabciyarmu a gidan hayar, ta miƙo mini kwanon abinci na ce na ƙoshi. Ina ganin in na ci, ko na yi barci, kamar na ci amanar wanda ke kwance. Mu Hausawa muna yaba mai jinyar da ya rame, mu ce ya yi ƙoƙari. Ramar nan ce ta sa na kusa ba mai sabuwar ƙoda maganin da ba nasa ba. In akwai mai jinya a danginku yanzu, uwargida, kada ki tsaya a kan kai wa mara lafiya farfesu. Ki zuba na mai jinyar daban, ki zauna har ya ci a gabanki. A raba kwana tun ranar farko, kada a jira sai ya faɗi. A zaɓi mutum ɗaya a gida da zai riƙa karɓar labari ya rarraba wa dangi, don wayar mai jinya ta huta da dare. Shi ma a auna jininsa. Ciwon kai da ba ya tafiya, saurin fushi, mantuwa, ƙin abinci, kuka ba dalili, duk alamu ne, ba rashin imani ba ne.

A hanyar dawowa na tsaya wurin wata mata mai gasa wani abu a kan garwashi. Sunansa litti, curin alkama ne da aka cusa wa garin gasasshen wake, ana ci da dakakken gauta da tumatir. Da zafinsa na ci huɗu, na sha shayi a ɗan kofin yumɓu da ake jefarwa in an gama. Sai kuma tilkut, wanda Gaya ta yi suna da shi a lokacin sanyi. Riɗi ne ake dakawa da sukari ko mazarƙwaila. Na gutsira na yi dariya ni kaɗai, don kantu ne, sai dai nasu ya fi laushi. Mutumin da ya taso a gonar riɗi ya zo har Bihar a sayar masa da kantu.

In za ka je, ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Gaya yakan haura digiri 40 da nisa, kuma tsakar harabar dutse ne, ga shi ba takalmi. Ka tafi da rigar sanyi da safa. Katin rigakafin shawara kuwa tun daga gida za ka tanade shi, ba a shiga Indiya daga Najeriya sai da shi. Ruwa sai na gora mai hatimi, abinci sai wanda aka sauke a gabanka, 'ya'yan itace sai wanda za ka ɓare da hannunka, kuma ka sa ƙunshin gishiri da sukari na gudawa a jaka. Karnukan titi suna da yawa. Indiya tana cikin ƙasashen da ciwon haukan kare ya fi kisa, saboda haka ko yaƙushi ne ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka nemi allura a ranar. Shi mai sabuwar ƙoda kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce. Magungunansa suna rage garkuwar jiki, taron dubban mutane daga ƙasashe goma ba wurinsa ba ne. Kai ma da ka dawo daga cikinsu, ka yi wanka, ka canza kaya, ka wanke hannu kafin ka matsa kusa da shi, in kuma ka dawo da tari ko mura ka sa takunkumi ka kwana a wani ɗakin.

Haka na yi. Na iso Delhi da safiyar kwana na huɗu, jirgin ya sake makara. Na tarar takardar tana nan a bango, yaron ya yi wa kowane lokacin magani alama da biro, bai tsallake ko ɗaya ba. Awon ƙodar Yaya bai motsa ba. Ya dube ni daga nesa, ni da takunkumi a bakin ƙofa, ya ce, "To Malam, ka ga ba mu mutu ba." Tilkut ɗin da na kawo likita ta ce shi kada ya taɓa abin da aka saya a titi tukuna, ƙanwarmu da ɗan Yaya suka cinye. Na ba ta haƙuri a kan maganar cokali, ta ce ita ta manta, na san ba ta manta ba.

Kafin in bar Bodh Gaya na tsinci ganyen pipal guda a gindin wata bishiyar bakin titi, wadda awaki ke kwana a ƙarƙashinta, na sa shi cikin fayil ɗin takardun asibiti. Bayan mun dawo Nangere, an gama karɓar 'yan barka, na fito da shi na nuna wa Inna. Ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da ido, ta aiki jikanta ya tsinko mata na durumin ƙofar gida ta haɗa su. Ta ce, "Wannan ai durumi ne, wutsiya kawai ya fi namu." Sannan ta ce a kawo mini fura.